Kanumfari a Baƙin Wake

Ko rigar aikinsa ta filin jirgi Ubaidullah bai cire ba, ya ja kujera ya zauna a teburin da ya fi kusa da ƙofar kicin. Ba a daɗe da idar da azahar ba. Shagon abincin na wani lungu ne a unguwar Jurf, tsakanin mai faci da mai wanki da guga. Tebur biyar ne kacal a ciki, biyu da mutane: wasu direbobin bas su uku, da wani dattijo yana kurɓar gahawa.

Mai shagon da kansa ya kawo abincin. Ƙasimu ake ce masa, mutumin Kyuba ne da ya musulunta, baƙi, ƙato, ya ba arba'in baya, an ce har dambe ya yi da ƙuruciya. Ya ajiye faranti cike da shinkafa da baƙin wake, da naman sa da aka yayyaga cikin tumatir da tattasai, ga soyayyiyar agada a gefe. Ya ɗan jima yana kallon Ubaidullah, kamar zai yi magana, sai kawai ya ce "Bismillah" ya koma ciki.

Ba yunwa ce ta kawo Ubaidullah ba. Sau uku ke nan yana bin sawun ƙanwarsa Lubna in ta tashi daga kemis ɗin da take aiki, kuma duk nan take zuwa, ta shige ta ƙofar baya. Shekaranjiya ya leƙa ta taga. Ya ga ta ɗage niƙabi tana dariya, wannan ƙaton ya dafa mata kai. Lubnar da ko 'ya'yan kawunsu ba su san fuskarta ba! Wata bakwai kacal da rasuwar mahaifinsu, Dakta Sa'id, ga Umma tana fama da hawan jini, kuma shi ne ya zama namijin gidan.

Da niyyar jan kunne ya zo, ya ma yi wa kansa alkawarin ba zai ɗaga hannu ba. Ya ɗebi waken ya kai baki don kada a ga baƙonsa.

Sai ya ji kanumfari.

Cokalin ya tsaya a hannunsa. A Kyuba Baba ya karanta likitanci tun yana saurayi, kuma duk Juma'a yakan kori kowa daga kicin ya dafa musu wannan wake, yana fariya cewa kaf ƙasar ba mai sa masa kanumfari, dabararsa ce shi kaɗai. Wato har girkin mamaci Lubna ta kwasa ta kawo wa wannan mutumin.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya banke ƙofar kicin, ya tarar da Ƙasimu ya juya baya yana danna burodi a kan farantin gashi. Kaskon ƙarfe ne ya fara zuwa hannunsa. Ya ɗaga shi da hannu biyu, irin yadda yake cilla akwatunan alhazai, ya sauke masa a ƙeya.

Ƙasimu ya durƙushe, ya dafa bango ya juyo. Bugu na biyu ya fasa masa gira, jini ya rufe masa ido. Ya dunƙule hannu, dunƙulen da zai iya kwantar da sa, ya dubi wanda ya buge shi, sannan a hankali ya saki yatsunsa.

"Ubaidu," ya ce da karyayyen Larabcinsa. "Isbir. Tsaya."

A gida kawai ake kiransa Ubaidu. Wannan ya ƙarasa tunzura shi. Ya shaƙe wuyan rigar mutumin, ya haɗa shi da murhu. Tukunyar wake ta kife, romo mai zafi ya malale a ƙasa. Ya cafki hannun da ya dafa kan Lubna, ya danna shi a kan farantin gashin da dukkan ƙarfinsa. Ƙaurin fata ya cika kicin ɗin. Ƙasimu ya saki wata ƙara da ta sa dattijon waje ya saki kofinsa, amma ko ture Ubaidullah bai yi ba.

Direbobin suka faɗo ciki. "Halas, ya akhi! Ya isa haka! Za ka yi kisa!" Ɗaya ya riƙe Ubaidullah ta baya, ya sha gwiwar hannu a baki, ya tofar da jini. Wani ya fita da gudu yana kiran shurɗa, 'yan sanda, a waya. Ƙasimu na kwance cikin wake da jini, yana numfashi da ƙyar, ya rungume ƙonannen hannunsa a ƙirji. Ubaidullah ya fizge, ya sake ɗaukar kaskon.

Ƙofar baya ta buɗe. Lubna ce, da leda a hannu. Ta saki ledar, ta cire niƙabi a gaban duk mazan nan, ta zube ta tallabo kan Ƙasimu a cinyarta, tana danne raunin da gefen abayarta.

"Tashi daga nan!" in ji Ubaidullah. "Wallahi in ba ki tashi ba, da ke zan haɗa."

Ba ta tashi ba. Ta ɗago ido jawur ta dube shi.

"Yaya, ranar da Baba zai cika ya sa na rantse ba zan faɗa ba sai Umma ta samu sauƙi. To ƙarasa shi mana. Ɗan farin Baba ne, na matar da ya aura a can, kuma kullum na zo sai ya tambaye ni yaushe zan kawo masa ƙaninsa."