Ƙullin Zoɓo a Kan Katanga

Da an sallame sallar la'asar, Murja kan ajiye bokitin zoɓonta a bayan katangar filin ƙwallon kwando na Gwarzo, ta zauna a kan kujerar tsuguno, ta miƙe dogayen ƙafafunta. Ba ta hangen filin daga nan. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka ce mata su daina zama cikin taron maza, sai ita da Zubaidatu mai gyaɗa suka koma bayan katanga. Ido ya rasa, kunne ya gada.

Kunnen nan kuwa ya ƙware. Cikin samari goma da ke buga ƙwallo a kan siminti, ta san bugun mutum ɗaya: sau biyu da nauyi, ɗan tsayawa, sannan ihun jama'a. Wannan shi ne Dogon Gude, wanda saboda shi mutane ke tahowa daga Getso da Sabon Birni a kan kekuna, a zamanin da kwanon gero ya fi ƙarfin magidanci.

Kowa a garin ya san Murja ba ta ƙaunar yaron. An ce tun ranar da ƙwallonsa ta tsallako katanga ta kifar mata da bokiti ta ɗauke masa wuta. In ya gaishe ta, sai ta kau da kai. In ana yabonsa, sai ta shiga ɗauraye kofuna. Ko laƙabinsa ba ta faɗa, sai dai "wancan".

Sai ga labari ya cika gari: wata babbar ƙungiya ta Legas ta aiko a ɗauke shi. An taɓa zuwa daga Kano har sau biyu ya ƙi, ba wanda ya san dalili. Amma wannan karon ko mai horar da su, Malam Dabo, ya daina cin abinci da daɗi. A teburin mai shayi ana musu, a tasha ana rantsuwa. Wasu su ce ya tafi, wasu su ce cibiyarsa a nan take.

"Ke dai ki yi addu'a ya zauna," in ji Zubaidatu tana ɓarar gyaɗa. "In maƙiyin naki ya tafi, wa zai zo kallo? Sai ki shanye zoɓonki ke da akuyarki."

"Allah ne mai ciyarwa," in ji Murja.

Ta ɗaure zoɓo ƙulli ɗaya a leda, mai yawan citta, ta ɗora a kan katanga kamar yadda ta saba kullum. Sadaka ce, in ji ta, ta duk wanda Allah ya ba. Katangar kuwa doguwa ce. Ba kowane hannu ke kaiwa ba.

Gidan Murja ɗaki ɗaya ne da rumfa. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa masa a Gwarzo ba su yi tsawon rai ba, danginta na can ƙasar Kabo wajen shanu da gonaki. In ta koma gida, daga ita sai akuya sai tukunya. Sa'ar nan ta la'asar ita ce kaɗai abin da take tashi dominsa da safe. Makon nan duka, sau biyu tana zuba sukari a zoɓo ta manta ta riga ta zuba.

Ranar Laraba, da aka tashi wasa, wata doguwar inuwa ta rufe bokitin. Dogon Gude ne ya zagayo bayan katanga, ƙwallo a hammata, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya durƙusa, duk da haka ya kusa kai tsawon mutum a tsaye.

"Yaya, barka da yamma."

Murja ta kafa wa kofunanta ido.

"Jibi motar za ta tashi. Malam Dabo ya ce in zauna. 'Yan gari sun ce in zauna. Kakata a Gude ta ce in yi abin da na ga dama." Ya juya ƙwallon a hannunsa. "Ni kuwa bakin mutum ɗaya nake jira. In aka ce min zauna, wallahi na zauna."

Kalmar ta taso mata har maƙogwaro. Ƙarama ce, yaron goye ma zai iya faɗinta. Amma akwai abin da aka reni Murja a kansa tun tana bin mahaifiyarta tallar nono, abin da bai taɓa karyewa a gidansu ba, ga kuma mutane na wucewa.

Ta juya wajen Zubaidatu.

"Gaya masa ya matsa, ya tare min masu ciniki."

Zubaidatu ta riƙe baki. Shi kuwa ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya san amsar tun kafin ya tambaya. Ya ajiye tsohuwar ƙwallon a gefen bokiti, ya miƙe, ya kai hannu kan katanga ya ɗauki ƙullinsa, ya tafi.

Ranar Juma'a motar ta tashi. Da la'asar Murja ta zo ta zauna a inda ta saba. Zubaidatu ba ta fito ba, ta ce ba ciniki. A cikin fili yara na ta bugu, tarau-tarau, babu mai nauyi a ciki. Ta ɗaure ƙulli mai yawan citta ta ɗora a kan katanga. Har rana ta yi ja yana nan, sanyinsa na gangarowa a jikin bulo.

Ta duba dama, ta duba hagu, ba kowa. Sai ta ɗauki ƙwallon ta rungume a cinyarta, ta ce a hankali, "Ja'afaru, zauna." Wannan ne karon farko da sunan ɗanta na fari ya fito daga bakinta, tun ranar da aka raɗa masa shi a Gude, a gidan aurenta na farko.