Baƙin Shebur ɗin Mai Haƙar Rijiya

Tunda ka ce gobe za ka shiga kasuwa sayen kayan tafiya, zauna tukuna in ba ka misali.

An yi wani mai haƙar rijiya da ciwo ya kashe wa shanun huɗa biyu a rani guda. Ga damina na ƙaratowa, ga bakuna tara a gida, ba abin da zai ja masa garma. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya ji labarin masu neman zinare can cikin hamada, waɗanda ke yawo da na'ura mai kuka in ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Shi da maƙwabcinsa, wani tela, suka yi karo-karo suka samu na'ura ɗaya, a kan kowa da yininsa, abin da ka tono naka ne. Direban da zai kai su ya kafa sharaɗi: mutum da jaka ɗaya, ba a ɗora abu mai doguwar ƙota, don sauran wurin na durom ɗin ruwa ne. Dole ke nan sai shebur mai ninkewa, irin wanda ake cusawa a jaka.

Da suka shiga kasuwa, tela bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauki wani kore shar mai ƙyalli, mara nauyi, har da 'yar jakarsa mai zif, yana ta washe baki. Shi kuwa mai haƙar rijiya akwai ƙa'idar da ya gada: ba ya shiga rijiya da igiyar da bai fara rataya mata buhun yashi ba. Duk rumfar da ya tsaya sai ya ce a bar shi ya zagaya baya ya sari marmara sau goma, in shebur ya tsaya ya saya. Mutum uku suka hana shi, wai zai kankare musu fenti. Bai yi musu da kowa ba, don ya san wanda ya hana a gwada kayansa ya riga ya faɗi abin da ya sani game da su. Na huɗu wani dattijo ne. Ya jawo wani baƙi, mummuna, mai nauyin tsiya daga ƙarƙashin tebur, ya ce masa ya je ya sara sau ɗari. Mai haƙar rijiya bai ko kalli bakin shebur ɗin ba, gaɓar da yake ninkewa ya duba, domin ta nan irinsu ke mutuwa. Ya ga ƙusar da ta riƙe gaɓar kauri gare ta kamar ƙaramin yatsa, zoben da ke ɗaure ta kuma ƙarfe ne, ba roba ba. Ya sara, ya taka da dukan nauyinsa, ya ɓanɓaro dutse, gaɓa ko gezau.

Tela ya gaji da tsayuwa ya ce, "Maƙwabci, shebur kake saye ko raƙumi? Saura ka duba haƙoransa."

To, hamada ba ta san fenti ba. Ƙasar wurin tsakuwa ce da ta manne da juna kamar daɓe, kuma daga nan zuwa maƙeri mafi kusa tafiyar kwana uku ce. Ran yinin tela na biyu koren shebur ya ce ƙaras, ya rabe biyu daidai gaɓa. Daga nan bawan Allah da guntun baki yake karta ƙasa, tafukansa duk suka yi kanta. Shi ma mai haƙar rijiya ba daɗi yake sha ba. Na'ura ta yi kuka, ya tona, gwangwanin kifi. Ta sake kuka, tsohuwar ƙusa. Kwana tara haka, amma ko sau ɗaya bai bar rami ba sai ya ga abin da ke ƙasansa, don shebur ɗinsa bai taɓa ce masa ya isa ba.

Ran na goma direba ya leƙa durom ya ce ruwa ya kai gindi, ana sallar azahar zai ta da mota. Hankalin mai haƙar rijiya ya tashi, ya tuna gonarsa, ya ji kunyar komawa hannu rabbana. Da hantsi na'ura ta yi wani siririn kuka a kan wani ɗan rami da tela ya fara jiya ya bari. Ya tambaye shi ko yana son abinsa. Tela ya ɗaga kumburarrun hannuwansa ya ce ya bar masa duniya da lahira, gwangwani ne. Mai haƙar rijiya ya sa shebur. Taƙi ɗaya, kamu ɗaya, ƙasa na tartsatsi, gumi na zuba masa a ido. A kamu ɗaya da rabi wani faffaɗan dutse ya tare hanya, ga direba na ta danna hon. Ya cusa baki ƙarƙashin dutsen, ya hau ƙota da ƙirjinsa kamar yadda ya yi a bayan rumfar dattijon nan, dutse ya kife. Ga zinare nan kwance, rawaya, girman goro, nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa. Ya faɗi ya yi sujada a cikin ramin, yana dariya hawaye na zuba.

Ruwan shuka ya same shi a gona a bayan bijimai biyu, farare tas, da ya saya da kuɗin zinaren. Da ya gama tasa ya shiga ta tela ya huɗe masa, ba a roƙe shi ba. Baƙin shebur kuwa yana nan rataye a zaurensa, gaɓarsa ba ta ko yi sako-sako ba.

Don haka in ka je goben, ka zagaya bayan rumfa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.