Wanda Haske Ya Ciro

"Ingila kam ba za ka je ba," in ji uban, dillalin kanwa a kasuwar Maigatari. Ya fizge takardar hannun ɗansa. "Zanen tsaunukan nan ne karatun?"

Saurayin, da bana ya gama jami'a a Zariya, ko gezau bai yi ba. Ya karɓi takardar, ya durƙusa, ya baje ta a kan buhu.

"Baba, ƙwayar zarra gida ce mai 'ya'ya. Haske ake harba mata, su yi ta fitowa. Kowane tsauni ɗaki ne, tsayinsa yawan 'ya'yan ciki. Wannan niyon ne, iskar fitilun sinimar Kano, tsauni uku, duk a riƙe gam. Wannan kuwa sodiyam, na cikin kanwar nan taku. Ga na huɗu can gefe, ɗa ɗaya tilo, haske kaɗan ke ciro shi."

Uban ya danna yatsa a kan tsaunin na huɗu. "Kai ke nan. Bature ya haska, ka bar gida."

"Ai ba wanda ya taɓa ganin cikin gidan, Baba. Wanda ya fito ake aunawa. Daga wuyar ciro shi ake gane irin riƙon da aka yi masa."

 Tsohon ya ja yatsansa zuwa tsaunin da ke ɗaya ƙarshen. "Wannan fa?"

"Na ƙuryar gida ne. Ya fi kowa wuyar cirowa."

Uban ya naɗe takardar a hankali, ya miƙa masa.

"Tafi. In sun auna ka, a ƙuryar gida za su same ka."