Turmin Dije

Tun da aka ƙera na'urar da ke fito da muryoyin da tsofaffin kaya suka taɓa ji, gwanjo ya yi kasuwa a Katsina. Malam Tanimu ya dogara sanda ya je wurin gwanjon, domin yana kwance a asibiti jikokinsa suka kai turmin marigayiya matarsa Dije can.

Dillali ya ɗora na'urar a kan turmin. Sai ga Dije tana waƙar daka, Malam Tanimu yana tsokanarta, tana dariya.

Matar da ta saya ta ce, "Waƙar ta yi daɗi, amma a goge muryar namijin nan."

"An gama, Hajiya," in ji dillali.

Tsohon ya matso kusa da turmin. Aka sake kunnawa, ya ji Dije tana dariya ita kaɗai.