Matar da Ba Ta Raina Ƙaramin Tsalle

Sagiru, tunda kawunka ya ce ka ƙi koyarwar nan ta firamare kana jiran aikin Abuja, abinci ya daina shiga mini. Ni ba dogon karatu na yi ba, amma ga wani misali, ka karanta da natsuwa. A ƙasar Cek, can Turai, an yi wata mata mai wasan tsallen sanda. Mutum ya rugo da doguwar sanda, ya kafa ta a ƙasa, ta cilla shi sama, ya haye wani kara da aka gitta, ya faɗa kan katifa. In ya kayar da karan sau uku a jere, ya fita. Ana farawa daga ƙasa-ƙasa ana ɗagawa, kuma an yarda mutum ya zauna ya ƙi yin ƙananan, ya adana ƙarfinsa sai kara ya yi sama. Manyan gwanaye haka suke yi, su lulluɓe da bargo suna kallo. Ita kuwa tun tana budurwa, har ta yi aure ta haihu, har gwiwarta ta fara ciwo, da an gitta karan farko za ta miƙe, ta shafa farin gari a tafin hannu, ta shiga layin sababbin shiga. Ana ta yi mata dariya, wai babba da wasan yara. Sau da yawa ta gaji kafin a kai sama, ta ƙare ta huɗu ko ta biyar. Ba ta fasa ba.

To, sai ga gasarta ta ƙarshe, wadda za a zaɓi wakiliyar ƙasa zuwa babban taron duniya, inda ita ba ta taɓa zuwa ba. Likita ya riga ya ce gwiwar ba za ta kai baɗi ba. Mai koyar da ita ya roƙe ta, ya ce, "Yau kaɗai ki zauna, ki lallaɓa ƙafar nan." Ta dubi gabas inda hadari ke haɗuwa, ta ce, "Bari dai in sa wani abu a hannuna tukuna." Ta haye na farko, ta haye na biyu, ta haye na uku tana ɗingishi. Ana ɗaga kara zuwa inda gwanayen ke jira, sai ruwa ya kece da iska. Suka yaye barguna jiki ya yi sanyi, sanda na zamewa a hannu. Wannan ta kayar, waccan ta kayar, duk suka fita ba wadda ta haye ko sau ɗaya. Ita ma a can saman ta kayar, amma ƙananan tsallenta ukun nan suna nan a lissafi, ruwa bai wanke su ba, da su ta zo ta ɗaya. Ita aka ɗora wa tutar ƙasa, ga 'yarta a gefen fili tana ihu.

Ban ce ka daina hangen Abuja ba, ɗana, ita ma ai saman take nema. Amma hadarin rayuwa ba ya sallama. Ka je ka karɓi allin nan kafin a ba wani. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.