Cukun Malamar Tsafta

Da sanda Inna ta ɗauko ƙunshin, hanci a toshe, ta wurga shi bola. Tun da baƙuwar nan 'yar aikin sa-kai ta sauka gidansu take yatsina wa girkinsu fuska, ashe ruɓaɓɓen abu take ɓoyewa a ɗaki, har ya yi kore!

Baƙuwar na dawowa daga asibiti ta shiga ɗaki, sai ta fito a gigice.

"Inna, ina cukuna? Mamata ce ta aiko min daga ƙasarmu, can da korensa muke cinsa!"

"Mushen nan? Yana bola, 'yata."

Sai ga baƙuwar a durƙushe cikin shara tana korar ƙudaje. Ta zaƙulo cukun ta gutsura, ta lumshe ido, hawaye na zuba.

Inna ta tofar da yawu.

"Wai wannan ce ke koya mana wanke hannu!"