Gidan da Aka Kulle Don Kada Ya Tsufa

Tunda kana cikin masu shawarar abin da za a yi da tsofaffin unguwanni, bari in ba ka misalin wani magidanci. Ya gaji soron kakansa a can cikin birni, ginin tubali mai rufin azara, da zane a goshin zaure wanda in hantsi ya haska shi sai ka ce bangon numfashi yake yi. Da gari ya bunƙasa, kwalta ta ratso unguwar, sai maƙwabcinsa ya huda zaurensa ya sa ƙofar ƙarfe, ya ba wani tela, ya ja wayar lantarki ta bi ta kan zanen kakanni kamar yaɗon kabewa. Abin ya yi wa mutumin namu ciwo. Ya dubi nasa gidan, ya ga hayaƙin murhu ya baƙanta azara, yara sun kankare bango da tsinke, akuya ma ta mai da kusurwar zaure wurin susa. Nan ya gano cewa ba abin da ke ɓata tarihi kamar mutane. Sai ya yi ginin siminti a sabuwar unguwa bayan gari, ya kwashe iyalinsa har da akuyar, ya danna wa soron kwaɗo mai nauyi don ya zauna yadda kaka ya bar shi. A can, in zafin kwano ya hana shi barcin rana, sai ya lumshe ido ya shiga soron a zuci: sanyin ɗaki, ƙamshin ƙasa, kurciya na kuka a kan zanko, haske na zubowa ta 'yar taga kamar madara. Gidan bai taɓa yin kyau haka ba sa'ad da yake cikinsa. Ran Juma'a yakan biyo ya taɓa kwaɗon, ya same shi lafiya lau, ya koma da natsuwa.

Damina ta zo ta wuce, wasu suka bi bayanta. Ran nan baƙi masu yawon ganin kayan tarihi suka shigo gari, ya sa babbar riga ya yi musu jagora. Kwaɗon ya buɗu ba gardama. Suka ɗaga kai su ga azara, sai suka ga sama, shuɗiya, gajimare na wucewa a hankali. Ashe hayaƙin da ya zarga shi ne ke hana gara sakewa. Ashe tsuntsu ya yi sheƙa a indararo, ruwa ya kwanta a kan rufi, ɗigon farko ya faɗo ba kunnen da zai ji, balle a tara ƙwarya a kira magini. A tsakar ɗakin kaka gwanda ta fito har ta yi 'ya'ya. Baƙin, da yake masu ladabi ne, suka yaba gwandar, sannan suka bi ƙarar keken ɗinki zuwa maƙwabta, suka ɗauki hoton zanen da waya ta ratsa. Maƙwabcin ya leƙo ya ce, "Alhaji, da ka bar mana mabuɗi, ko kaji ne da mun zuba maka su riƙa ɗebe masa kewa." Mutumin ya koma bayan gari da kwaɗonsa a aljihu, ko tsatsa bai yi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.